Yadda Za A Koya Wa Ɗalibai Bincike Da Neman Bayani A Intanet Daga Laburaren Makaranta

Idan aka ba ɗaliban sakandare jinga a yau, galibinsu hanya ɗaya suke bi. Su kwafe tambayar malami yadda take, su zuba wa Google ko Meta AI da ke cikin WhatsApp, su ɗauki amsar da ta fara fitowa, su juye ta a takarda. Mai dubawa zai ce lalaci ne, amma a mafi yawan lokuta rashin koyarwa ne. Babu wanda ya taɓa zaunar da yaran ya nuna musu cewa bincike yana da matakai, kuma buga kalmomi a na'ura shi ne mataki na huɗu, ba na farko ba. Laburare ne wurin da ya fi dacewa da wannan aiki, domin nan ne littafi da kwamfuta suke ɗaki ɗaya, yaro ya iya gwada abin da wannan ya faɗa da abin da wancan ya faɗa.

Tsarin da ke ƙasa na darussa 7 ne zuwa 8, kowanne minti 40, kuma ya dace da 'yan aji 3 na ƙaramar sakandare zuwa aji 2 na babba. Ƙa'idarsa guda ce: hanyar da ɗalibi ya bi ita ake dubawa, kafin a duba amsar da ya kawo.

Shirin da ake yi kafin yara su shigo

A fara da ƙirga kwamfutocin da suke aiki da gaske, ba waɗanda ke cikin rajista ba. Kowace kwamfuta ɗalibi 3: mai bugawa, mai rubuta abin da aka yi, da mai tambaya, wanda aikinsa shi ne ya riƙa cewa "wa ya faɗi haka?" duk lokacin da aka samo wani bayani. A riƙa sauya musu matsayi duk minti 10. Idan aka bar su yadda suke so, yaron da ya saba da waya a gida zai riƙe madannai har a tashi, sauran su zama 'yan kallo. Ajin da ke da ɗalibai 60 da kwamfuta 10 sai a raba shi biyu, rabi a kantocin littattafai, rabi a kan na'ura, darasi na gaba su yi musanya.

A jera teburan yadda fuskar kowace kwamfuta za ta kalli tsakiyar ɗaki. A kunna SafeSearch a Google, wato matatar da ke ɓoye abubuwan batsa daga sakamakon nema. A buɗe wa ɗalibai asusu na daban a kan na'urar wanda ba shi da ikon saka manhaja. Idan data ake saye, a shiga saitin Windows a nuna masa cewa layin na awo ne, in ba haka ba kwamfuta 10 za su shiga sabunta kansu a ɓoye su cinye datar wata guda kafin a tashi darasi.

Makarantar da wuta ko sabis ke yi wa wahala ta nemi Kiwix. Manhaja ce ta kyauta da ke ba da damar sauke Wikipedia a ajiye a kan na'ura, a yi ta karantawa babu intanet. Cikakkiyar ta Turanci mai hotuna tana kai wa wajen gigabayit 100, don haka a fara da ta Hausa da ta sauƙaƙen Turanci, waɗanda ba su da nauyi. Rabin darussan nan ana iya yin su da Kiwix da littattafai kawai.

Sai takardar bincike. Falle ɗaya ce da ake buga wa kowane rukuni: a sama gurbin tambaya, a ƙasa layuka masu gida 5, wato kalmomin da aka buga, shafin da aka buɗe, wanda ya rubuta shi, shekarar da aka rubuta, sannan "mun ɗauka ko mun bari, kuma me ya sa". Wannan takarda ita ce ƙashin bayan tsarin gaba ɗaya.

Abu na ƙarshe, mai kula da laburare ya haɗa kai da malamin wani fanni, a ɗora darussan a kan jinga ta gaske wadda za a ba maki. Darasin bincike da ba ya rataye da wani maki, yara kan ɗauke shi lokacin hutu.

Mataki na 1: a mai da kan magana ya zama tambaya

Kwamfutoci a kashe. "Noman dawa" kan magana ne, ba tambaya ba, kuma yaron da ya tafi da shi wurin Google zai dawo da komai da komai. Malami ya rubuta shi a allo, ya sa yara su matse shi da tambayoyi 3: a ina, yaushe, wane ɓangare? Daga "noman dawa" a zo "matsalolin noman dawa a Arewa", daga nan a zo "me ya sa ƙuduji ke rage amfanin dawa, kuma yaya manoma ke maganinsa?" Wannan ta ƙarshe ita ce ake iya bincikawa, domin ana iya gane lokacin da aka samu amsarta da lokacin da ba a samu ba.

Gwajin tambaya mai kyau: idan "e" ko "a'a" ko lamba ɗaya ta isa amsa, ta yi ƙunci. Idan sai an rubuta littafi, ta yi faɗi. Kowane rukuni ya karanta tasa a fili, sauran su faɗi ko ta yi. Kada a ba kowa izinin matsawa gaba sai malami ya sa hannu a kan tambayarsa.

Mataki na 2: kalmomin nema

Nan ne ɗan Bahaushe yake da matsalar da jagororin ƙasashen waje ba su san da ita ba, don haka ya kamata a daɗe a kai. Yaron yana tunani da Hausa, littafinsa da Turanci, bayanin da yake nema kuma sau da yawa yana ƙarƙashin suna na uku.

A ja layi ƙarƙashin kalmomi 2 ko 3 masu nauyi a cikin tambayar, a watsar da sauran. A misalinmu, ƙuduji da dawa da magani. Kowace kalma a yi mata jeri: sunanta na Hausa, wani sunan idan akwai, na Turanci, da na kimiyya. Ƙuduji wasu wuta-wuta suke ce masa, a Turanci "witchweed", masana kuma "Striga hermonthica" suke rubutawa, wanda ya bambanta da "Striga gesnerioides" mai kama wake. Dawa ita ce "sorghum", a littattafan Najeriya kuma "guinea corn". Yaron da ya buga "dawa" ita kaɗai zai iya faɗawa shafukan Swahili, inda kalmar ke nufin magani. Wanda ya buga "Kano" kaɗai zai haɗu da wani mawaƙin Ingila da kuma mutumin Japan da ya ƙirƙiro judo. Irin waɗannan misalai a nuna su a majigi ko a kan na'ura ɗaya yara su gani da idonsu, sun fi dogon bayani shiga.

Sunayen mutane da garuruwa ma haka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana zuwa a rubuce "Usman dan Fodio", yana zuwa "Uthman ibn Fudi". Sakkwato "Sokoto" ce, Zazzau "Zaria" ce a wasu wurare, Damagaram kuma a rubutun Faransanci da Turanci "Zinder" za a gani. Duk wanda ya tsaya a kan rubutu ɗaya ya rufe wa kansa ƙofofi da yawa.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Shafuka da yawa na Hausa ba sa saka ƙ da ɗ da ɓ, wasu kuma suna sakawa. A koya wa yara su gwada duka biyun, "ƙuduji" da "kuduji". Wannan ya fi muhimmanci idan ana neman kalma a cikin shafi da Ctrl da F, domin a nan na'ura tana ɗaukar k da ƙ haruffa biyu ne da ba su da dangantaka.

Mataki na 3: kanta kafin na'ura

Darasi ɗaya ya isa. Yawancin laburaren makarantu suna jera littattafai da tsarin Dewey, wanda Melvil Dewey ya fitar a 1876, mai raba ilimi gida 10 daga 000 zuwa 900. Ba sai yara sun haddace ba. A manna musu lambobin da za su fi buƙata a bango: 297 Musulunci, 510 lissafi, 530 fiziks, 540 kimistiri, 570 nazarin halittu, 610 lafiya, 630 aikin gona, 966.9 tarihin Najeriya.

Abin da ya fi lambobin muhimmanci shi ne sassa 3 na littafi da yara ba sa kallo: bayan shafin take inda shekarar bugu take, jerin abubuwan da ke ciki, da fihirisar da ke ƙarshe. A ba kowane rukuni littafi da kalma ɗaya, a ba su minti 2 su nemo shafin ta fihirisa. Sannan su ƙara sababbin kalmomin da suka tsinta a cikin jerinsu na mataki na 2. Littafin aikin gona na aji shi ne zai ba yaro sunan kimiyyar da zai buɗe masa intanet.

Mataki na 4: yi wa Google magana da yarensa

Yanzu a kunna na'ura. A fara da fahimtar da su shafin sakamako. Waɗanda aka yi wa alamar "Sponsored" talla ce, kuɗi aka biya suka hau sama. Taƙaitaccen bayanin da ƙirƙirarriyar basira ke rubutawa a saman shafi ba majiya ba ce, tattaro shi aka yi daga wasu shafuka, kuma yakan yi kuskure. Zuwa na farko a jeri ba shaidar gaskiya ba ce. Kafin a danna komai, rukuni ya karanta sakamako 5 na farko, ya duba adireshin kowanne, ya zaɓi wanda zai fara buɗewa ya faɗi dalili.

Daga nan a koya musu alamomi 5, ɗaya bayan ɗaya, kowacce a gwada ta nan take:

Alamar zance. Idan aka sa kalmomi a tsakaninta, kamar "Tiga Dam", Google zai nemo su a jere yadda aka rubuta.

Alamar ragewa. Kano -rapper zai cire mawaƙin. Dole alamar ta manne da kalmar, idan aka bar tazara ba ta aiki. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi.

site: yana taƙaita nema a shafi ɗaya ko rukunin shafuka. site:gov.ng na gwamnatin Najeriya ne, site:edu.ng na manyan makarantu, site:bbc.com/hausa na sashen Hausa na BBC. A nan ma ba a barin tazara bayan ɗigo biyun.

filetype:pdf yana kawo rahotanni da takardun bincike maimakon shafukan hira. Striga sorghum Nigeria filetype:pdf zai kai yaro ga irin aikin da cibiyoyin binciken noma kamar IITA da ICRISAT da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke yi.

OR da manyan baƙaƙe yana haɗa sunaye biyu: sorghum OR "guinea corn".

Akwai kuma tace lokaci a ƙarƙashin "Tools", ga mai neman abin da aka rubuta cikin shekarar da ta wuce. Dokar wannan darasi: idan nema bai ba da abin da ake so ba a shafin farko, ba a ci gaba da gangarawa, kalmomin ake sauyawa, kuma kowane sauyi a rubuta shi a takardar bincike. Rukunin da ya kawo takarda mai layi ɗaya bai yi bincike ba, sa'a ya gwada. A ƙalla a ga nema 4 mabambanta.

'Yan babbar sakandare ana iya nuna musu Google Scholar da African Journals Online, shafukan neman takardun binciken masana, amma a koya musu karanta tsakuren da ke farkon takarda da kuma kammalawarta kawai. Tsakiyar ta fi ƙarfinsu, kuma idan aka tilasta musu, kwafewa za su yi.

Mataki na 5: wa ya faɗa?

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ya cancanci darussa 2. Sa'ar da malami a ƙasar Hausa yake da ita ita ce yawancin ɗalibansa sun riga sun san asalin abin daga Islamiyya. Sun san ba a karɓar hadisi sai an duba isnadi, an san wanda ya ruwaito da wanda ya ji daga gare shi, an san mai gaskiya ne kuma mai kiyayewa. A gaya musu kai tsaye cewa irin wannan tambayar ce za su yi wa shafin intanet. Da zarar sun ji haka, abin ya daina zama baƙo.

Tambayoyin 4 ne. Wa ya rubuta, kuma me ya sa ya san abin? Yaushe? Daga ina shi ya samo? Me yake so da mai karatu, ya sanar da shi, ya sayar masa da wani abu, ko ya tunzura shi?

Kuskuren da ake yi shi ne a bar yaro ya nemi amsoshin a cikin shafin kansa. Shafin ƙarya ma yana da tambari mai kyau da sashen "game da mu" mai daɗin karantawa. A 2017 Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford a Amurka sun gwada masana tarihi da ɗaliban jami'a da ƙwararrun masu tantance labarai a kan tantance shafuka. Masu tantance labaran ne suka fi sauri da daidaito, kuma abin da ya bambanta su shi ne ba sa daɗewa a shafin da ba su sani ba. Nan take suke buɗe sabuwar taga su nemi abin da wasu suka ce game da masu shafin. Haka za a koya wa yara: a ba shafi daƙiƙa 30, a ɗauki sunan ƙungiyar ko marubucin, a buɗe wata taga a bincike shi. Idan babu wanda ya san shi sai shi kansa, a ajiye shi gefe.

A gyara musu wata fahimta da ta yaɗu, cewa duk adireshin da ya ƙare da .org amintacce ne. Kowa na iya sayen .org kamar yadda yake sayen .com. Su gov.ng da edu.ng ne ake da sharuɗɗa kafin a ba da su, kuma ko su ɗin suna nuna mai shafin ne kawai, ba sa tabbatar da cewa bayanin sabo ne.

Batun shekara yana da misalai na gida masu kyau. A sa yara su nemo yawan mutanen Jihar Kano. Za su dawo da lambobi mabambanta, kowa yana rantsuwa da tasa. Sai a warware musu: ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, wadda ta ba ƙasar kimanin miliyan 140, Kano kuma kimanin miliyan 9.4. Duk wata lamba ta bayan nan hasashe ne da aka gina a kan waccan, don haka dole a rubuta wanda ya yi hasashen da shekarar da yake nufi. Sannan duk bayanin da aka rubuta kafin 1991 ya haɗa da Jigawa, domin a shekarar aka cire ta daga Kano, kamar yadda aka cire Katsina daga Kaduna a 1987. Littafi na iya zama daidai a ranar da aka buga shi, ya zama kuskure a yau.

Sai dokar majiya biyu, da tarkon da ke cikinta. Ana ce wa yara su tabbatar da bayani a wuri biyu, sai su kawo shafuka 5 da suka faɗi abu ɗaya. A sa su ɗauki jimla guda daga ɗaya, su sa ta cikin alamar zance su nema. Sau da yawa za su ga jimlar kalma da kalma a duka shafukan. Wannan majiya ɗaya ce da aka kwafa sau 5. Majiya ta biyu ita ce wadda ta samo bayaninta ta wata hanya daban, misali littafin tarihi da ke kanta da kuma takardar wani malamin jami'a, dukansu suka ce a 1903 Turawan Ingila suka ci Kano.

Wikipedia kada a hana ta, hanin ba ya aiki kuma ba daidai ba ne. A koya musu amfani da ita a matsayin mashiga: a karanta don a fahimci batun a tsinci kalmomi, sannan a gangara ƙasa a bi manazartar da aka jera, a ɗauko bayanin daga can. A nuna musu tarihin gyare-gyaren shafi su ga cewa mutane ne ke rubutawa suna sauyawa. Ta Hausa tana da amfani ga yaron da Turanci ke yi wa nauyi, sai dai wasu maƙalolinta fassarar na'ura ce da ba a tace sosai ba, don haka duk lamba ko shekara a gwada ta da ta Turanci.

Mataki na 6: hotuna, saƙonnin WhatsApp da amsoshin na'ura

Malami ya tanadi hotuna 3 da aka taɓa yaɗawa da bayanin ƙarya, waɗanda masu tantancewa irin su Dubawa ko Africa Check suka riga suka warware. A guji na gawarwaki da na rikicin addini ko ƙabila, akwai na ambaliya da na gine-gine da suka isa. Yara su ɗora hoton a Google Lens ko TinEye, su nemo wuri mafi daɗewa da ya fito. Yawanci hoton na gaske ne, amma na wata ƙasa ne ko na shekarun baya. Wannan ne darasin da suka fi kai wa gida, kuma iyaye ma suna amfana.

Game da ChatGPT da Gemini da Meta AI, gwaji ɗaya ya fi wa'azi. Kowane rukuni ya tambayi na'urar tambayarsa, ya ce ta kawo littattafai ko takardu 3 da ta dogara da su, sannan ya nemi kowanne a Google cikin alamar zance. Waɗannan manhajoji suna harhaɗa kalmomin da suka fi dacewa da juna ne, shi ya sa sukan ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekara waɗanda babu su, kuma kuskurensu ya fi yawa a kan tarihin garuruwanmu, inda rubutun da suka koya daga gare shi bai da yawa. Dokar da ta dace: an yarda a yi amfani da su don neman kalmomi ko sauƙaƙa bayani mai wuya, ba a yarda a rubuta su a gidan majiya ba.

Mataki na 7: ɗaukar bayani da ambaton majiya

Satar rubutu tana farawa ne tun lokacin ɗaukar bayani. Hanyar da ke aiki ita ce a karanta sakin layi ɗaya, a rufe littafin ko a juya wa na'ura baya, a faɗa wa abokin rukuni abin da aka fahimta da Hausa, sannan a rubuta shi a layi 2 cikin harshen jingar. Yaron da ya kasa faɗa da Hausa bai fahimta ba, ya koma ya sake karantawa. Idan ana son kalmomin marubuci yadda suke, a sa su cikin alamar zance tare da lambar shafi, kuma kada su wuce jimla 2.

Ambaton majiya a wannan mataki ya zama mai sauƙi. Littafi: marubuci, shekara, take, shafi. Intanet: marubuci ko hukuma, take, shekara, adireshi, da ranar da aka duba. A nanata cewa "Google" ba majiya ba ce, hanya ce da aka bi aka isa wurin majiya. A rubuta bayanan a lokacin da shafin ke buɗe, domin komawa neman shafin da aka rufe jiya yakan cinye darasi guda. Idan adireshi ya mutu, a gwada shi a Wayback Machine na Internet Archive, wanda ke ajiye tsofaffin kwafin shafuka.

Ba duk amsa ce ke intanet ba, kuma ya kamata jingar ta nuna haka. Tambayar ƙuduji tana buƙatar hira da manomi ko malamin gona. Tambayar tarihi tana iya kai 'yan Kano Gidan Makama, 'yan Kaduna Gidan Arewa. Hira ma ana rubuta ta a jerin majiya: matsayin wanda aka yi hirar da shi, gari, da rana.

Rabon maki

Idan jingar maki 20 ce, a raba ta haka: tambaya 3, kalmomi da sauye-sauyen nema 4, tantance majiya 6, rubutu da kalmomin kai 4, ambaton majiya 3. A karɓi takardar bincike tare da jingar, wadda ta zo babu ita ba a duba ta. A cikin makin tantancewa, a ware 2 ga majiyar da rukuni ya ƙi ɗauka tare da dalili mai ma'ana, domin yaron da ya iya cewa "wannan shafin babu suna babu shekara, kuma magani yake sayarwa" ya koyi abin da ake so. A ƙarshe malami ya zaɓi ɗalibi ɗaya daga kowane rukuni, ba wanda suka tura ba, ya yi masa tambayoyi 2 da baki: wane nema ne ya fi ba ku amfani, kuma wannan lambar daga ina kuka samo ta?

Inda tsarin kan lalace wurare 3 ne. Na farko, malami ya riƙa karɓar madannai yana nema wa yara don lokaci na tafiya. Gara ya tsaya a bayansu ya tambaye su wace kalma za su sauya. Na biyu, a ba duk aji tambaya ɗaya, sai rukuni ɗaya ya yi aikin sauran su kwafa. A ba kowane rukuni reshe daban na batun, wannan ƙuduji, wancan tsutsar dawa, wancan ajiyar hatsi. Na uku, a yi darussan sau ɗaya a zango a bar su. Hannu yana mantawa cikin makonni kaɗan, don haka a roƙi malaman tarihi da aikin gona da nazarin halittu kowannensu ya ba da jinga ɗaya a zango wadda za a miƙa da takardar bincike, a ajiye kwafin takardar 50 a teburin laburare inda duk mai shigowa zai ɗauka.